Yadda Ake Nazarin Matsayin Mutane Ta Bakin Sana'arsu

Duk lokacin da zangon rubuta kundin kammala digiri ya zagayo, sai tambaya ɗaya ta yi ta dawo mini daga ɗalibai, har da wasu matasan 'yan jarida: "Malam, ina so in yi rubutu a kan bambancin talaka da mai hali, ta ina zan fara?" Da yawansu kafin su zo sun riga sun buga takardar tambayoyi. Ta farko, nawa kake samu a wata. Ta biyu, a wane aji kake ganin kanka, na sama, na tsakiya ko na ƙasa. Ka kai wa ɗan dako wannan takarda a kasuwar Singa, amsar da za ka samu ita ce, "Alhamdulillahi, akwai rufin asiri." Ka tsallaka wajen Alhajin da ake sauke wa tirela uku, shi ma abin da zai ce ke nan. Sai ka dawo gida da takarda ɗari a cike, kanka wayam.

Bahaushe ba ya faɗin matsayinsa, amma yana ba da labarin aikinsa, kuma a cikin labarin ne matsayin yake kwance: wa ke zaune wa ke tsaye, makulli yana hannun wa, in kaya sun lalace wa ke biya, da wane suna ake kiran mutum idan za a aike shi. Ga yadda ake tattaro waɗannan, daga zaɓar wuri har zuwa rubutu. Misalaina na Kano ne domin ita na fi sani, amma haka aikin yake a Zariya, Sakkwato ko Maraɗi.

1. Ka bi kaya ɗaya, ba gari duka ba

Kuskuren farko shi ne take mai faɗin da ya fi ƙarfin mai shi. "Matsayin ma'aikata a Arewacin Najeriya" ba aikin wata huɗu ba ne. Ka zaɓi wuri guda inda mutane daban-daban suke cin abinci a kan abu ɗaya, sannan ka bi abin daga hannu zuwa hannu.

Ɗauki buhun riɗi a Dawanau. Kafin ya hau mota ya bi ta hannun mai kaya, dillali, mai awo, matan da ke tankaɗe shi, mai ɗinke bakin buhu, ɗan dako, mai rubuta lissafi a ƙofar sito, direba da yaron mota. Ga kuma mai abincin da ke ba su bashi sai yamma su biya. Mutum goma ke nan a kan buhu ɗaya, kuma babu biyun da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Ko ka ɗauki Adaidaita Sahu guda: mai mashin da ke jiran balans a gida, direban da ke kawo balans ɗin kullum, wanda yake biya kaɗan-kaɗan har mashin ya zama nasa, bakanike, mai faci. Idan ofis ka fi so, ma'aikatar gwamnati ta riga ta jera maka mutanenta daga mataki na 01 zuwa na 17, sai dai ka tuna akwai waɗanda ko kan tsanin ba su hau ba: 'yan wucin-gadi, masu sharar da ɗan kwangila ya kawo, da mai kawo shayi.

Gargaɗi: kada ka zaɓi wurin da mahaifinka ko kawunka ne maigida. Shiga za ta yi sauƙi, amma yaran shago ba za su taɓa kallonka a ɗalibi ba. Ɗan maigida za su gani, kuma abin da ake faɗa wa ɗan maigida za su faɗa maka.

2. Ka shiga ta ƙofa

Ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, mai hatimi da sa hannu, ka yi mata kwafi biyar. Idan makarantarku tana da kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, ka bi ta kansa tun kafin ka taka kasuwa. Daga nan sai masu wuri. Babu sana'ar da ba ta da shugaba: kasuwa tana da ƙungiya da shugabannin layi, tasha tana hannun 'yan ƙungiyar direbobi, mahauta suna da Sarkin Fawa, wanzamai Sarkin Aska, unguwa kuma Mai Unguwa. Ka je da ƙafarka, ka yi gaisuwa yadda ta dace, ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice, ka bar kwafi ɗaya.

Baƙo mai biro da takarda a kasuwa ɗayan uku ake ɗaukarsa: ɗan haraji, ɗan leƙen asirin hukuma, ko mai rajistar tallafi. Na ukun ya fi ɓata aiki. Da zarar an ce tallafi kake rubutawa za ka ga layi a gabanka, kuma kowa ya zama ba shi da ko sisi. Saboda haka ka yi ta maimaitawa har ta zauna: ni ɗalibi ne, ba ni da abin rabawa, ba na rubuta suna, ba na karɓar lambar NIN ko ta BVN.

Gargaɗi: shugaba zai ce, "Bari in haɗa ka da yaranmu." Ka yi godiya, ka karɓi biyu. Sauran ka nemo da kanka, domin wanda shugaba ya zaɓo maka bakin shugaba ne.

3. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Wayarka ta isa ɗaukar murya, amma ka gwada ta a cikin hayaniya, ba a ɗakinka ba. Ka tsaya bakin titi da abokinka ku yi hirar minti biyar, ka saurara. Idan ƙarar janareta da hon sun rufe maganar, ka sayi ƙaramin makirfon nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Masu kayan waya a Farm Centre suna da shi. Sai fawa-banki, iyafis na saurare, biro biyu, da ƙaramin littafi mai shiga aljihu. Ka bar babban fayil a gida, shi ne rigar ɗan haraji. Awa ɗaya ta murya a matsakaicin inganci ba ta wuce megabait 30 zuwa 60, don haka wuri ba zai dame ka ba. Abin da zai dame ka shi ne kira ya shigo ya katse ɗauka, saboda haka ka sa wayar a yanayin jirgi kafin ka fara.

Farashi yanzu ba ya kwana inda ya wuni, don haka ka yi lissafi da adadi, sannan ka ɗora kuɗin ranar da za ka fara. Zirga-zirga ka ƙiyasta sau 20 zuwa 25: kwana biyar na kallo, kwana goma na hira idan kana yin biyu a rana, da aƙalla kwana biyar da za ka je ka tarar an tafi jana'iza ko an sauke kaya ba mai lokacinka. Ga shayi da ruwan da za ka saya wa mutane, ga data, ga bugu da fotokwafi, ga ladan mataimakiya idan za a shiga gidajen aure. Ka haɗa duka ka ƙara kashi 20 cikin ɗari.

Sai maganar ladan lokaci, wadda ɗalibai suke yawan rikicewa a kanta. Ɗan dakon da ya zauna da kai minti 45 ya bar buhunan da zai ɗauka, haƙƙinsa ne ka mayar masa da kwatankwacin abin da ya rasa. Ka bayar bayan an gama, a hannu, ba a gaban jama'a ba, kuma kada ka ambata tun farko. Alhaji mai sito kuwa miƙa masa kuɗi raini ne. Godiya da komawa gaishe shi sun wadatar. Ka lura, wanda za ka iya ba wa kuɗi da wanda ba za ka iya ba, wannan ma darasi ne a kan matsayi. Ka rubuta shi a littafinka.

4. Ka yi kallo kafin ka buɗe baki

Kwana biyar na farko ba hira. Ka samu benci a wajen mai shayi ko mai faci ka zauna, kuma aƙalla rana ɗaya ka zo tun bayan Asuba ka kai har a rufe.

Ka duba wa ke fara zuwa, wa ke zuwa da hantsi. Wa ke da kujera mai jingina, wa ke kan benci, wa ke kan buhu, wa ba ya zama sam. Idan abinci ya zo, su wa ke sa hannu a kwano ɗaya, wa ake kai wa nasa ciki, wa ke jiran saura. Ka saurari gaisuwa: wa ke rusunawa, wa ke miƙa hannu daga zaune, wa ake ce wa "ranka ya daɗe", wa ake kira da sunansa, wa ake kira da kayan da ke kansa, "kai mai ruwa". Lokacin sallah ka sa ido sosai. Sahu yakan haɗa kafaɗar mai kaya da ta ɗan dako, wani lokaci ma limamin ya fi kowa ƙaramin ƙarfi, amma bayan sallama ka ga wa ke zama ya yi lazimi a natse, wa ke tashi da sauri don kada a neme shi a rasa.

Kada ka yi rubutu a kan idon mutane. Ka kewaya ka rubuta 'yan kalmomi, da dare ka cike. Ka raba shafi gida biyu: dama abin da idonka ya gani, hagu abin da kake zato. Ɗalibin da ya gauraya su, bayan wata ɗaya ba zai iya rarrabe wanda ya gani da wanda ya raya a ransa ba.

5. Su wa za ka zauna da su

Ga kundin digiri na farko, hira 15 zuwa 20 masu zurfi sun fi takarda 200 da aka cike a tsaitsaye. Ka samu mutum biyu ko uku daga kowane mataki na hannuwan da kayan suke bi, kuma ka gauraya: tsoho da yaro, ɗan gari da ɗan ci-rani, wanda ya gaji sana'ar da ɗan haye, mace da namiji inda duka suke. Idan ka ga mutum na uku a mataki ɗaya yana maimaita abin da biyun farko suka faɗa, ka wuce gaba.

Akwai wata dabara mai arha. Ka rubuta sunan kowane aiki a ɗan kati, aikin ba mutumin ba, ka ba wa dattawan wurin biyu ko uku, kowa shi kaɗai, su jera maka. Ka sa su jera sau uku: na farko ta samu, na biyu ta mutunci, na uku ta wanda zai iya jure wata guda ba kasuwa. Idan mutum ba ya karatu, ka karanta masa ya nuna inda za a ajiye. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta yi makamancin haka: mutanen gari ne suka taya ta kasa manoma kashi huɗu gwargwadon yadda kowa zai iya jure shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Za ka ga jeri ukun nan ba sa zuwa ɗaya, kuma a inda suka saɓa ne kundinka yake.

Gargaɗi: yara 'yan talla da almajiran da ba su kai shekara 18 ba sai da yardar iyaye ko malaminsu. Idan wannan ne bincikenka na farko, shawarata ka bar su, ka tsaya a kan manya.

6. Tambayoyin da ke buɗe baki

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Kada ka ce, "Yaya aikinka yake?" Amsarta "sai godiya". Ka tambayi jiya. "Baba, jiya ƙarfe nawa ka fito? Daga ina? A ƙafa ko a mota? Wa ka tarar? Me ka fara ɗauka? Yaushe ka karya?" Ka bi shi daki-daki har ya kwanta. Mutum yana iya yi wa rayuwarsa kwalliya a dunƙule, amma jiya ba ta ɗaukar kwalliya.

Kuɗi kuma ba ta gaba ake tunkararsa ba. Maimakon "nawa kake samu", ka tambayi hanyar da yake biyowa kafin ya iso hannunsa. Kullum ake biya, ko mako, ko wata? A kan kowane buhu ne, jinga ce, la'ada ce ko kamasho? Wa ke yanke farashi? Me ake cirewa kafin a ce saura nasa? Ga direban Adaidaita, tambayar da ta fi kowace ita ce, "Ƙarfe nawa kake gama haɗa balans da kuɗin mai ka fara neman na cefane?" Idan ya ce sai bayan La'asar, ya gaya maka awa nawa yake yi wa wani aiki a rana, ba tare da ya ambaci ko naira ɗaya ba.

Daga nan ka gangara kan asara. Ranar da buhu ya fashe a kanka, wa ya biya? Ranar da aka kama mashin, wa ya je karɓowa, da kuɗin wa? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, me aka ci a gida? Idan iyali za ta haihu ba ka da komai a hannu, ƙofar wa kake bugawa? Amsoshin nan su ke fito da ubangida, adashi, asusun ƙungiya, ko kuma rashinsu duka.

Ka tambayi shigowa: wa ya kawo ka wannan aiki? Hausawa sun daɗe suna bambanta ɗan gado da shigege, kuma idan malaminka ya nemi madogara, M. G. Smith wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya rubuta a kan wannan bambanci tun 1959. Ga yaron shago, ka tambayi shekara nawa ya yi, ko an taɓa yin maganar sallama, wato a ba shi jari ya kama nasa, kuma da baki aka yi ko a rubuce, a gaban wa.

Maganar mutunci ka bar ta zuwa ƙarshe, bayan ya saki jiki. Da wane suna kake so a kira aikinka? Akwai tazara tsakanin yaron mota da karen mota, tsakanin mai gadi da sikiriti, kuma mai aikin ya fi kowa sanin wanda ke yi masa ciwo. An taɓa yi maka wani abu a wurin nan da ya tsaya maka a rai? Ranar da ka je neman aure, me aka ce kana yi? Za ka so ɗanka ya gaje ka? Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi kowace tambaya fito da abin da ke ciki. Mutumin da ya shafe rabin awa yana yabon sana'arsa, idan ya ce "Allah ya kiyaye, makaranta na sa shi", ya ba ka amsa biyu, kuma dukansu gaskiya ne.

Idan kana son sanin yadda abubuwa suka canza, kada ka tambayi shekara, mutane ba sa riƙe ta. Ka jingina da abin da kowa ya tuna: kafin a hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 ko bayan nan? Lokacin kullen korona a 2020? Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023? Kafin a cire tallafin mai a watan Mayu na 2023?

Gargaɗi: manyan tambayoyinka kada su wuce goma sha biyu, kuma ka haddace su. Sannan kalmomi irin su zalunci, danniya da ci-da-gumi kada su fara fitowa daga bakinka. Idan kai ka fara faɗa, ka zuba masa magana ne a baki, kuma ra'ayinka za ka kwafe a matsayin nasa.

7. Ranar hira

Lokaci su za su zaɓa. Mai shayi yana samun sarari tsakanin hantsi da La'asar, mahauci bayan ya sayar da na safe, ɗan dako idan babu motar da ake saukewa, tela kuwa kada ma ka kusance shi a goman ƙarshe na azumi.

Wuri ya fi lokaci muhimmanci. Na taɓa zama da wani yaron shago a ƙofar shagon, muna cikin magana maigidansa ya dawo ya ja kujera. Rabin awa yaron nan ya yi yana yabo, har da cewa ko mahaifinsa bai yi masa abin da Alhaji ya yi masa ba. Bayan mako biyu muka haɗu a wajen mai shayi a wata unguwa, a nan na ji cewa shekararsa tara ba a taɓa yi masa maganar sallama ba. Laifina ne, ba nasa ba. Ka nemi inuwar masallaci, ko teburin mai shayi, ko ka raka mutum hanyar gida. Ma'aikacin gwamnati ma ba a ofis ba, inda oga zai iya leƙowa.

Kafin ka kunna waya ka faɗi ko kai wane ne, me za a yi da maganar, cewa ba za a sa suna ba, kuma yana iya cewa a tsaya ko a goge. Ka nemi ya amsa da bakinsa a farkon ɗaukar. Sa hannu a takarda yana firgita mutane da yawa. Wannan ba ladabi kawai ba ne, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba wa yardar mai bayani muhimmanci. Wanda ya ƙi a ɗauki muryarsa, ka ajiye wayar ka rubuta da hannu.

Idan ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Kada ka gyara masa magana, kada ka yi wa'azi, kuma ka rage "Allah sarki". Tausayi mai yawa ɗayan biyu yake jawowa: ko mutum ya ji an raina shi ya kulle, ko ya ƙara gishiri don ya ba ka abin da ya ga kana so. Minti 45 sun isa. Gara ka dawo karo na biyu.

Gargaɗi: namiji ba ya shiga gidan aure, alhali sana'a mai yawa a can take, ƙuli-ƙuli, awara, ɗinkin hula, kitso. Ka samu mataimakiya, ka koya mata tambayoyin, a nemi izinin maigidan. 'Yar aiki kuwa ba a yin hira da ita a gidan uwar ɗakinta. Ke kuma ɗaliba, tasha da manyan kasuwanni ki je da rakiya, da rana.

8. Kwafewa

Ka kwafe kowace hira cikin kwana biyu, tun fuskar mutumin tana idonka. Awa ɗaya ta magana tana cin awa biyar zuwa shida na rubutu, ke nan hira 20 ta minti 45 za ta ci maka awa 75 zuwa 90. Wanda ya tara su sai ƙarshen zango ya san abin da ke jiransa.

Ka rubuta yadda aka faɗa. Basakkwace ya tsaya a Sakkwatancinsa, "oga" da "balans" su tsaya yadda suke, dariya da dogon shiru ka nuna su. Ka sa Hausa a Gboard ko a kwamfutarka don haruffa masu lanƙwasa, kada ƙafa ta koma kafa. Sunaye ka musanya da alama, D1 ɗan dako na farko, M2 mai kaya na biyu, takardar da ke fassara alamun kuma ta zauna daban. Muryoyin ka ajiye a wuri biyu masu makulli.

Gargaɗi: kada ka tura murya a zauren WhatsApp na 'yan aji don a taya ka kwafewa, kuma kada ka ɗora ta a manhajar da ba ka gaya wa mai muryar ba.

9. Tacewa

Ka samu biro kala huɗu, ko ka buɗe Excel ka ja gida huɗu. Na farko mallaka: me yake nasa a cikin kayan aikin? Mashin, shago, jari, keken ɗinki, ko kurar da ɗan ga-ruwa yake turawa wadda sau da yawa haya ce. Na biyu iko: wa ke ba shi umarni, wa yake ba wa, zai iya tafiya jana'iza ba tare da neman izini ba? Na uku tabbas: me ke faruwa ranar da bai fito ba? Na huɗu mutunci: yadda ake kiransa, inda yake zama, maganar aure. Ka bi kowace hira layi-layi kana sa wa kowace magana kalarta.

Bayan ka gama, ka nemi mutanen da gidajensu huɗu ba su daidaita ba. Mahaucin da yake yanka shanu da kuɗinsa amma har yau wasu gidaje suke ja da baya idan ɗansa ya zo neman aure. Malamin firamaren da duk unguwa ke gaisarwa, albashinsa ba ya kai tsakiyar wata. Mai gadin banki mai kaki da albashi wanda ba shi da ikon zama, da mai shayin da ke gefensa, ba kaki ba albashi, amma tebur nasa ne kuma ba mai ce masa tashi. Tsakanin waɗannan biyun wa ke sama? Kada ka yanke da kanka. Ka koma ga katunan da dattawa suka jera maka.

Idan kana son ma'auni na hukuma, mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, daga 30,000 na 2019. Sai dai dokar ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho da jinga, wato mafi yawan mutanen da za ka zauna da su. Ka yi amfani da adadin don kwatance kawai.

Gargaɗi: kada ka ɗauki samun rana ɗaya ka ninka sau 30. Dawanau ta kaka ba ita ce Dawanau ta bazara ba, kuma ɗan dako yana da ranakun da jiki ke ƙin tashi. Ka nemi rana mai kyau, rana ta tsaka-tsaki da ranar da aka tashi ba komai, da kuma sau nawa kowace ke zuwa a mako. Haka nan kada ka cusa mutane cikin aji uku na littafin makaranta. Ka fara da kalmominsu: mai hali, mai rufin asiri, mai ƙaramin ƙarfi, hannu baka hannu ƙwarya, yaron wane, mai cin gashin kansa.

10. Rubutu da komawa

Ka tsara babin sakamako yadda buhun ya bi, hannu bayan hannu. Duk abin da ka ce, ka tsayar da shi da ƙafa biyu: maganar wani da abin da idonka ya gani. Ka kuma faɗi ko kai wane ne da ƙofar da ka shiga ta, domin ɗan boko mai agogo da ya zo ta hannun shugaba, an riga an tace abin da za a gaya masa.

Cire suna ba shi ne ɓoye mutum ba. "Shugaban 'yan dako na layin riɗi mai ɗingishi" ya fi suna bayyana shi. Ka sauya ko ka cire duk siffar da ɗan kasuwar zai karanta ya ce ai wane ne. Hoto kuma na hannu da kaya, ba na fuska ba.

Kafin ka kai a yi bayindin, ka koma wajen biyu ko uku daga cikin waɗanda ka yi hira da su, ka karanta musu inda maganarsu ta fito, da Hausa ko da kundin da Turanci ka rubuta. Za su gyara maka sunan wani aiki ko lissafin da ka juya, wani kuma zai ce a cire wata magana, ka cire. Kwafin da za ka kai wa shugaban kasuwa ka sake karanta shi da idon maigida, ka tabbata babu layin da zai sa a kori wani yaro. Bayan an ba ka maki, ka goge muryoyin daga waya da duk inda ka ajiye, ka yaga takardar da ke fassara alamun.